Da ƙafa ɗaya da siririn zarto

Mahaifina tela ne, a ƙarƙashin kekensa na girma. Shagon a zauren gidanmu yake, cikin birnin Kano. Ni ɗinkin bai dame ni ba, feda nake kallo. Ina zaune a ƙasa, ƙafarsa na hawa na sauka, babban wili na juyawa, can sama allura na cin yadi. In ya zo kwanar aljihu ko wuyan riga, yadin yake juyawa da tafin hannu biyu, allurar tana nan inda take. Ya sha ce mini, “Kai, zo ka zauna ka koya.” A ganina lokacin zama na tsofaffi ne. Ina gama sakandare na karɓi babur na shiga acaɓa. Da ya rasu aka sayar da kan keken, ƙafar ƙarfen ta zauna a lungun zaure ana ɗora mata buta.

A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur. Abokan aikina da yawa suka koma A Daidaita Sahu. Ni na tsaya a kan babur ɗina, na koma dakon yadi daga Kantin Kwari zuwa shagunan unguwanni. A wannan aikin ne wata ranar damina mota ta kwashe ni, ƙashin ƙwaurina na dama ya karye har ya fito waje. Aka wuce da ni wurin mai ɗori, domin haka muka taso muka ga ana yi. Ya ja, ya jera karare, ya ɗaure tamau. Kwana uku ina cewa ƙafar tana ci kamar an zuba garwashi, ana ce mini ɗori ya gaji haka. Ran na biyar zafin ya ɗauke gaba ɗaya, har na yi murna. Yatsun sun riga sun yi baƙi.

Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta ɗori ba ce, ta asibiti ce, a ranar. Haka likitan ƙashi ya faɗa wa ƙanena, bai ɗaga murya ba, bai kuma zagi kowa ba. Inna ta ce ita ba za a yanke wa ɗanta ƙafa ba, a mayar da ni gida a yi addu’a. Matata ba ta ce komai ba, tana tsaye da goyo tana kallon bango. Ni na karɓi biro na sa hannu, don warin da nake ji daga jikina ya riga ya faɗa mini gaskiya. Aka yanke ƙasa da gwiwa.

Wata takwas na yi ban taka ƙofar gida ba sai ranar Juma’a. Da dare babban yatsan da babu shi yakan yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa. Matata ta fara awara da zoɓo, yara na kaiwa bakin makaranta. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni ya faru ne a ƙofar masallaci. An sallame, na jingina da bango ina jiran ƙanena, sanduna a gefe. Wani mutum da na yi shekaru ina kaiwa kasuwa ya zo wucewa, ya sakar mini kuɗi a cinya, ko fuskata bai duba ba. Alheri ya yi niyya, na sani. Amma sati uku na yi ban koma masallacin ba, na ce wa Inna dungulmin ne ke ciwo.

Akwai wani dattijon kafinta a layinmu, aminin mahaifina, mai yin gadajen aure. Shi ya shigo wata safiya ba tare da dogon jaje ba, ya ce, “Ɗana, ƙafar aka yanke ko hannun?” Na ce, “Ƙafar ce, Baba.” Ya ajiye mini wani zarton hannu mai kama da baka, ruwansa siriri kamar tsinken tsintsiya, da guntayen filawud da takardar zanen fure. Idonsa ya daina ganin layi, yaransa kuma ba su da haƙurin aikin. Furannin da ake mannawa a allon gado yake so.

Ya nuna mini yadda ake yi. Ana samun falanki mai faɗin tafin hannu, a yanke bakinsa kamar bakin tsuntsu a buɗe, a ɗaure shi a gefen tebur. Katakon yana kwance a kai, zarton yana tsaye cak a cikin bakin, hannun dama na hawa da sauka a ƙasa. Zarton ba ya bin zane, katakon ake juyawa a kai masa layin. A fure na uku na gane inda na taɓa ganin wannan motsin, sai da na ajiye aikin na ɗan jima.

Shekara guda na yi da zarton hannu, kuma duk mai son wannan sana’a ina ba shi shawara ya fara da shi ko da wata biyu ne. Ba ya cin wuta, ba shi da tsada, kuma a hannunka za ka ji lokacin da haƙori ya daina ci. Matsalarsa kafaɗa. Fure shida a yini, na gama aiki ke nan.

Ɗan yayata ne ya nuna mini injin da ke yin wannan aikin a YouTube. Masu sayarwa da sunansa na Turanci suke kiran sa, sukurol so. Yaran layinmu kuwa keken ɗinkin katako suka sa masa, kuma sun fi kusa da gaskiya. Tebur ne na ƙarfe da rami a tsakiya, hannuwa biyu sama da ƙasa suna riƙe da ruwan zarto mai tsawon inci 5, wanda mu a shago muke ce wa tsinke. Yana hawa da sauka daga wajen sau 400 zuwa 1,600 a minti in mai rage gudu ne. Girman injin ana auna shi daga tsinke zuwa ginshiƙin baya. Nawa inci 16 ne, wato zan iya kaiwa tsakiyar allo mai faɗin inci 32.

Matata ce ta ba ni kwasar adashinta sukutum. Ta ce, “Maigida, in ka ƙi karɓa ma ba zan mayar ba.” Ƙanena ya samo na gwanjo a wurin masu kayan waje. Aka kawo da magariba, yara sun kewaye, wuta ta zo, na cire filoginsa mai siraran ƙafafu na haɗa namu na soka. Ya yi ƙara sau ɗaya, sai wari da siririn hayaƙi. Injin daga Amurka ya fito, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. An rubuta ɓaro-ɓaro a ɗan allon da ke jikin motar, ban karanta ba. Daren nan ban iya haɗa ido da ita ba. Ita ce ma da safe ta aika a kira mai gyaran rediyo. Allah ya taimaka allon rage gudu ne ya ƙone, motar ta tsira. Sai da muka ƙara bashi aka gyara, aka sayi taransifoma mai sauke wuta ta wat 500. In za ka sayi na gwanjo, fara da karanta wannan ɗan allon. Sannan ka kama hannun sama ka girgiza gefe da gefe. In yana wasa, bushin, wato zoben da hannun ke motsi a kansa, ya ci, kuma layinka ba zai taɓa miƙewa ba.

Abu na biyu da ban sani ba shi ne tsinke iri biyu ne. Akwai mai ɗan fil a kowane baki, wanda ake rataya shi, akwai kuma marar fil da ake matsewa da noti. Mai fil ya fi sauƙin sakawa, amma yana da kauri, kuma fil ɗin ba ya shiga huda sai mai faɗin wajen milimita 5. Aikin ado kuwa rabinsa yankan ciki ne: ka huda katako, ka kwance tsinke daga sama, ka zura, ka ɗaure, ka yanke, ka sake kwancewa. In hudar ta fi gurbin da za ka cire girma, aikin ya mutu. Don haka marar fil shi ne na mai ado. Injina na mai fil ne, sai da wani mai walda a Ƙofar Ruwa ya ƙera mini ’yan matsai biyu.

Tsinke da lamba yake tafiya, ƙaramar lamba siriri mai ƙananan haƙora. Filawud na milimita 3 zuwa 6 ina sa masa lamba 1 zuwa 3. Lamba 5 ita ce ta yau da kullum, har katakon milimita 12 ko sama kaɗan. In ya kai milimita 20, musamman mai tauri, sai 7 ko 9. Abin lura shi ne a samu haƙora kamar uku a cikin kaurin katakon a kowane lokaci. In sun gaza haka haƙori na kama katako ya ɗaga shi ya buga da tebur, in sun yi yawa gari ya cushe, yankan ya ƙone. Akwai irin da ’yan haƙoransa na can ƙasa suke kallon sama, wannan shi ke hana bayan filawud tsagewa, kuma shi na fi saye. Akwai murɗaɗɗe mai ci ta ko’ina, ba sai ka juya katako ba, amma yankansa da faɗi kuma ba ya son miƙaƙƙen layi. Ban cika son sa ba. Wajen ɗaura tsinke, haƙora ƙasa suke kallo, suna fuskantarka. Shafa da yatsa kafin ka ɗaure, don a lamba 1 ido ba ya rabewa.

A makon farko na karya dozin biyu. A Kano kuwa ba kowane shagon Sabon Gari ke da su ba, wani lokaci sai an yi sautu daga Legas. Kowane ɗaya ya ce ƙas, sai in ji kamar kuɗin awarar ne ya faɗa rijiya. Na zaci ɗaurewa nake yi da yawa, na riƙa sassautawa, abin ya ƙara lalacewa. Daga baya na gane sako-sako ya fi karya tsinke, domin yana lanƙwashewa baya da gaba har ƙarfen ya gaji. Daidai shi ne in ka taɓa shi da farce ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar gurmi, in ka tura shi gefe kada ya wuce milimita 3. Sauran abin da ke karya shi turi ne. Acaɓa ta koya wa hannuna cewa in abu bai tafi ba a ƙara masa wuta. A nan in ka tura, tsakiyar tsinken ta ja baya, ya yi zafi, gefen yankan ya fito da tumbi. Alamar ita ce in ka saki katakon sai ya ɗan dawo wajenka. Kuma tsinke na dakushewa da wuri, a katako mai tauri rabin awa ma ya yi ƙoƙari. Da ka ji kana ƙara ƙarfi ko ka ji ƙauri, canza shi.

In tsinke na zamewa daga matsi, ba notin ne ya lalace ba yawanci, man da aka shafa masa ne a masana’anta don tsatsa. Goge bakunan biyu da samfefa. Sannan tunda hawa da saukar ba ta wuce kusan santimita 2 ba, haƙoran da ke daidai tebur su kaɗai ke cinyewa, na sama sababbi ne fil. Ina da falanki mai kaurin milimita 18 da na huda, in tsinke ya dakushe sai in ɗora shi a kan teburin, aikin ya hau sama ya sami sababbin haƙora. Tsinke ɗaya ya yi aikin biyu. In zan yi kwana mai tsini kuma, ina kunna injin in ɗan goga dutsen wasa wuƙa a kusurwoyin bayan tsinken, ya daina kamawa in ana juyi. Da an tashi aiki a sassauta shi.

Wani abu ya kusa sa ni mayar da injin. In na tura katako sak, yankan sai ya karkata dama. Ba laifin inji ba ne. Yawancin tsinke buga shi ake yi, sai gefe ɗaya ya fito da ɗan kaifi fiye da ɗayan. Maganinsa ka ɗan karkata katakon, ko ka gusa kujerarka dama kaɗan, har layin ya riƙa shiga daidai. Teburin kuma kada ka yarda da lambar da ke ƙarƙashinsa. Ɗauki guntun katako mai kauri, ka ɗan yanka shi kaɗan, ka kashe injin, ka zagayo da shi bayan tsinken ba tare da ka kifa shi ba. In bayan tsinken ya shige tsagar salin alin, tebur ya daidaita. In ya ƙi, gyara ka sake.

Wannan gwajin shi ne ya buɗe mini hanyar samun kuɗi, domin da tebur daidai ana yanka da yawa a lokaci guda. Ina jera filawud na milimita 3 guda huɗu, in naɗe gefunan da salatif, in buga ƙananan ƙusoshi a wuraren da za a zubar, in manna zane a na sama. Yanka ɗaya, kaya huɗu. Siririn filawud shi kaɗai ma wuyar sarrafawa gare shi, tsinke na gudu a cikinsa, jerin ya fi biyayya. In tebur ya karkace ko da kaɗan ne, na sama zai yi kyau, na ƙasa kuwa siraran wuraren sun cinye.

Katako a ’Yan Katako na Na’ibawa nake saye. Obeche na da laushi da sauƙin yanka, amma siraran wurare na ɓallewa, ya fi dacewa da kayan wasan yara masu kauri. Maɗaci shi ne abin so na, yana riƙe tsini, launinsa kuma ba ya buƙatar fenti. Malaina ba laifi in ta bushe sosai. Loko da maɗobiya suna da kyau, suna cin tsinke. Kada ka sayi ɗanyen katako da damina ka yanka, hunturu na zuwa zai murɗe ya tsage ta hudojin. Nakan jera shi a ɗaki da ’yan sanduna a tsakani ya sha iska watanni. Filawud kuma duba gefensa, in ka ga ramuka a tsakiyar, cikin ma haka yake. Na milimita 3 ina haska masa tocila ta baya a wuri mai duhu, inda haske ya fi fitowa nan ne rami. Na taɓa yin kwana biyu a kan allo ɗaya, a yankan ƙarshe na faɗa irin wannan ramin, harafi guda ya zube a hannuna.

Ana goge katako tun kafin a yanka, samfefa 120, sannan 180, sannan 220, don bayan yanka ba abin da zai jure guga. Da kabon nake kwafe zane da farko, layin na kauri yana gogewa. Yanzu hoto nake bugawa a shagon kwamfuta. Ina shimfiɗa salatif ɗin takarda a katakon, in shafa gam a kansa in manna zanen, in rufe da farin salatif mai faɗi. In an gama duk su ɓare tare, ba gam a jikin katako. Farin salatif ɗin kuma yana sa tsinke santsi, ƙuna ta ragu sosai a maɗaci. Huda da bakin milimita 1 ko 1.5, a sa wani katako a ƙasa don kada bayan ya fashe. A fara da tsakiya da wurare masu rauni, a fito waje, kewayen waje shi ne ƙarshe. In ka cire babban gurbi kusa da siririn wuri, mayar da shi ka liƙe da salatif ya tallafe maƙwabcinsa.

Abin da ya fi shiga a wurinmu rubutu ne: sunan jariri na ranar suna, sunan amarya da ango, Bismillah da Masha Allah na falo, sai dagin Arewa. Zanen da ake samu a intanet yawanci na barewa ne da bishiyoyin ƙasashen sanyi, ba mai saye a nan. Rubutun Larabci kuwa yana da tarko. In haruffan za ka bari ka cire bayansu, ɗigon ba da na nun ba su da abin riƙewa, alif da dal da ra da wau kuma ba sa haɗuwa da na gabansu. Dole ka zana musu gada, ko ka zaunar da rubutun a kan layi, ko ka sa ɗigo ya taɓa harafi. In kuma haruffan za ka cire, cikin mim da wau da sad zai faɗo, ya zama rami kawai. Gadar da ta gaza milimita 3 ba ta kaiwa gidan mai ita. Na fi so ta bi tsawon jijiyar katako, wadda ta gitta jijiya da ɗan yatsa ake karya ta. Kafin in huda komai ina cike duk abin da za a zubar da jan biro, in bi farin da ya rage da ido in tabbata duk a haɗe yake. Kuma ina kai wa malamin Islamiyyar yarana ya duba rubutun, tun ranar da na kusa yanka suna da ɗigo biyu a inda ake son ɗaya. Guntayen da suka fito daga sunan Allah ko aya ba na barin su cikin shara. Gwangwani na ware musu.

Haruffan yara kuwa ’yata ce ta jawo su. An sayo mata na roba, ta nemi harafin farko na ƙofa ta rasa. Na yanka mata ƙ da ɗ da ɓ da obeche mai kaurin milimita 12, daga nan makarantu biyu suka nema, har da haruffan Larabci 28. Na yara ƙanana ba na yin abin da zai shige rami mai faɗin santimita 3, don baki suke kaiwa, kuma fentin ruwa nake sawa, ba na mai ba.

Na yi asara a akwatin turaren wuta. Mata na son sa, hayaƙi na fita ta cikin zanen. Na farko da na yi na sa gwangwani kai tsaye a kan katako, murfin kuma ya yi kusa da garwashi. Kwana huɗu aka dawo da shi ya yi baƙi, Allah ya tsare bai kama labule ba. Na mayar da kuɗin, na karɓo sauran biyun da na sayar. Yanzu kaskon ƙasa nake sawa a kan ’yan ƙafafun ƙarfe, iska na wucewa ta ƙasa, cikin murfin da farantin ƙarfe mai huda, tazara kuma ba ta gaza tsawon yatsa ba.

Injin nan ba ya cire yatsa kamar babban zarton kafintoci, iyakarsa ya tsaga fata. Haɗarinsa a ƙura yake, ga fuskarka a kusa da aikin. Garin obeche da na loko suna jawo asma ga wasu, mansoniya ta taɓa sa ni haɓo da atishawa har na daina karɓar ta, MDF kuwa, allon nan na matsattsen garin katako, garinsa da gam a ciki. Ƙyallen da ake ɗaurawa da hunturu ba ya tare wannan. Takunkumi mai matata nake sawa, ƙaramar fanka na kora ƙurar ta gefe zuwa ƙofa, shara kuma sai na yayyafa ruwa. Yara ba sa zama in ina yanka.

Da janareto na fara. Bayan cire tallafin mai a 2023 lissafin ya daina fita, na tara na sa sola. Injin bai fi cin wat 100 da ɗoriya ba, don haka faranti ɗaya na wat 300 da batir na amfiya 100 suna riƙe ni yini in da rana, su ƙara mini awa uku ko huɗu bayan ta faɗi. Sai dai inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta, mai arahar tana sa mota kuka da zafi. Farashi kuma na daɗe ina cutar kaina, ina sawa da girman allo. Wahalar a yawan huda take, don kowace huda kwancewa ce da ɗaurewa. Ƙaramin allo mai huda 80 ya fi babba mai huda 10 cin lokaci nesa ba kusa ba. Yanzu huda nake ƙirgawa a gaban mai kaya, in karɓi rabin kuɗi kafin in taɓa katako, domin allon da aka rubuta sunan wani ba ya sayuwa ga wani.

Ga ’yan’uwana masu irin lalurata, zaman ma da yadda ake yin sa. In dungulmi ya daɗe a rataye yana kumbura, ƙafar roba ta ƙi shiga. Na kafa ɗan allo da matashi a gefen kujera ina miƙe shi a kai, duk awa kuma ina tashi in zagaya. Teburin injin ya zo daidai gwiwar hannu, bayansa a ɗan ɗage yadda zai karkato wajenka, wuya ya huta. Fitila ta gefe, ba ta sama ba, don inuwar tsinke na ruɗar ido a bi ta a bar layi.

Dattijon nan bai ga sola ba, ya rasu kafin nan. Zartonsa na hannu yana rataye, da shi nake fara koya wa yara biyun da ke zuwa bayan Islamiyya, ɗaya da sanda yake tafiya shi ma.

Girgiza ce matsalar da ta fi daɗewa. A kan teburin katako injin rawa yake yi, layi ya zama biyu a ido. Na sa buhun yashi, na sa tsohuwar tayar babur, duk sama-sama. Ran nan ina alwala idona ya faɗa kan ƙafar keken Baba a lungu. Zubin ƙarfe ce, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta da daɗi. Muka kankare tsatsar, muka ɗora falanki mai kaurin inci 2, aka ɗaure injin da noti huɗu da roba a tsakani. Rawar ta tsaya, har kwabo na tsayar a kan teburin yana aiki bai faɗi ba. Mai gyaran rediyon nan kuma ya ɗaura makunni a ƙarƙashin fedar, in na taka ya tashi, in na ɗaga ya mutu, hannuwana biyu ba sa barin katako.

Ranar da aka gama, Inna ta leƙo zaure ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon ƙasa, ba aikin ba. Sai ta ce, “Da hagu kake takawa. Shi da dama yake farawa.” Ta gyara mayafinta ta koma ciki, ni kuma na kwance tsinke na zura a huda ta gaba.